Inda Motar Illo Take Kwana

Duk wanda ya shigo biromu, wato ofishinmu, neman asirans, inshorar mota, tambaya ta uku da nake masa ita ce: "Ina motar take kwana?" Ban ce ina mai ita yake kwana ba, wannan ba ruwan kamfani. Motar nake tambaya. Shekara goma sha tara ina wannan aiki a Yamai, kuma Allah shi ne shaida, rabin amsoshin da nake samu ƙarya ce tsagwaronta. Mutum zai zo tayoyin motarsa duk taɓon bakin gulbi, ya dube ni ido cikin ido ya ce shi a Plato yake, unguwar manya can kan tudu. In ce to, Alhaji, Allah ya ƙara arziki, in rubuta. Mutum ɗaya tak na sani da bai taɓa yi mini ƙarya a kan wannan tambaya ba, kuma da ma ya yi.

Sunansa Illo, direban taksi ne. Yanzu haka da nake wannan magana yana Saga, cikin wani kango da bai fi taku ɗari biyu daga gulbi ba, ruwa kuwa kullum ƙaruwa yake yi. Ni Priska, ɗiyar marigayi Malam Iliya na Talaje, ba abin da nake so a duniya kamar in raba tsohon nan da wurin kafin ruwa ya raba shi da ransa. Dalilin zamansa can kuwa, in aka bi diddigi, daga teburina ya taso.

Bari in fara da taswirar, don ita ce uwar zancen. Wata shekara da gulbi ya yi ambaliya ya ci motocin mutane, kamfaninmu ya biya har ya ji a jikinsa. Sai patoro, shugaban biromu, ya kawo wata ƙatuwar taswirar Yamai ya manna a bango bayan kujerata, an shafe ta da launi uku. Kore wurin da mota take kwana lafiya, kuɗinsa da sauƙi. Rawaya irin su Bukoki, inda lungu ya matse, ka ajiye mota da madubi biyu ka tashi ka tarar da ɗaya. Ja kuwa bakin gulbi ne, Saga da makamantanta. Wannan bai shafi ƙaramin asirans da ƴan sanda ke tambaya a hanya ba. Ya shafi babba ne, wanda ya haɗa da sata da gobara da ruwa. Mota iri ɗaya, shekaru ɗaya, direba ɗaya, amma ka ce Saga, kuɗi ya yi tsalle. Mutane suna zagina a kai kamar ni na haƙa gulbin.

Illo ɗan wani ƙauye ne kusa da Ƙonni. Ya zo Yamai yana saurayi da tabarma ɗaya da buta, ya yi wankin mota a tasha, ya yi karen mota, daga nan ya sami tuƙi. Shekara ashirin da biyu yana jan taksin wasu, kullum yamma ya kai wa mai mota nasa. Ɗan ƙaramin mutum ne, siriri, in ya zauna a kujerar direba sai ya sa matashi sannan yake ganin hanya sosai. Direbobi ƴan'uwansa suna kiransa Illo mai gaskiyar tsiya, kuma sun sami abin faɗa. An taɓa mantawa da zabuwa mai rai a bayan motarsa, ya yi kwana uku yana yawo da ita yana ba ta gero yana cigiyar mai ita. Da ya sami matar, sai ta tsaya tana masa ƙorafin zabuwarta ta rame. Ya ba ta haƙuri! Kai, wani mutum sai Allah.

Matarsa Zuwera Bazabarma ce, haifaffiyar Saga, kuma duk abin da Illo ya rasa na jiki da murya ita aka ba. Doguwa, kakkaura, in ta yi dariya a bakin kasuwa ana ji daga gudoro, titin kwalta. Sana'arta turara shinkafa, tana saye daga manoman fadama, ta dafa, ta shanya, ta kai injin. Allah bai ba su haihuwa ba, ita kuwa ba ta taɓa bari wani ya yi mata kallon tausayi a kai ba. Ita ce ta zuba adashi shekara da shekaru, ta haɗa da kuɗin saniyarta, ta saya wa Illo tasa motar: tsohuwar Toyota, fara mai jan kai, irin taksin garin nan.

Ranar da suka fara zuwa biro ita ce a gaba, shi yana biye da takardu a cikin leda. Ta zauna, kujera ta yi ƙara, ta ce, "Yarinya, babban nake so. Wanda ko zakara ya taka ta sai an biya mu."

Na yi tambayoyina, na zo ta uku. Illo ya ce Saga. Na juya na dubi taswira, na faɗi kuɗin. Zuwera ta dafe ƙirji ta saki wata magana da Zabarmanci wadda ba zan maimaita ba. Suka ba ni tausayi, ga shi na ga kuɗin da ke ƙulle a bakin zanenta ba zai kai ba. Sai na rage murya na ce, "Baba, da a ce Talaje take kwana, kusan kashi ɗaya cikin uku zai sauka." Na kashe masa ido. Kowa ya san ma'anar wannan, ko yaro.

Illo ya ce, "Ai ba Talaje take kwana ba, ɗiyata."

"Wa zai je ya duba?"

"Mai dubawa ba sai ya je ba."

Raina ya ɓaci. Ina ƙoƙarin taimakon mutum yana yi mini wa'azi, ni da na taso a gidan malamin egliz, wato coci! Cikin gatse na ce, "To gidanmu yana Talaje, fili gare mu har da na kiwon raƙumi. Ka kawo ta ta kwana can mana, sai takarda ta zama gaskiya."

Ya ce, "Maigidan zai yarda?"

Na ce zai yarda, don in rabu da shi. Na rubuta Talaje, na buga tambari, na manta da zancen. Bayan magariba muna tsakar gida sai ga sallama a ƙofa. Na leƙa, ga farar mota mai jan kai, ga ɗan tsoho ya cire hula yana jiran izini. Babana ya dube ni, na dubi ƙasa.

Shekara bakwai aka yi haka. Da la'asar sakaliya ya biya ta gida ya ajiye wa Zuwera cefane, ya ƙara ɗan zagaye, bayan magariba ya kawo mota gidanmu. Ya wanke ta, ya rufe ta da tsohuwar tamfol, ya zauna su buga dara da babana, sannan ya ɗauki hanya a ƙasa zuwa Saga, tafiyar kusan awa guda. Da asuba ya sake takowa. Damina, sanyi, zafin Afirilu da ke narkar da gudoro, duk ɗaya ne wurinsa. Na sha ce masa, "Baba Illo, kuɗin takalman da kake kashewa ya fi abin da ka rage." Sai ya yi murmushi ya ce ƙafa ba mota ba ce, ba ta shan esans.

Babana, wanda ba ya shiri da kowa tun rasuwar mamata, ya sami abokin tsufa. Suna faɗa a kan dara kamar yara, kowa yana cewa ɗan'uwansa ya matsar da ɗa yana kallon wani wuri, alhali duk duniya ba a yi mutum biyu da suka kasa cuta kamarsu ba. Ran Lahadi Illo ya kai mu egliz ya ƙi karɓar ko dala. Da Layya Zuwera ta aiko da cinya, da Nowel, Kirsimetinmu, mu aika da kaji. In ta gan ni a kasuwa sai ta ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Ga surukata! Na sayi mota da gumina, na aurar da ita Talaje, ko ganin gida ba ta zuwa!" Mu yi dariya. Ina tsammanin wasa ne kawai.

A shekara ta biyar Zuwera ta faɗi a gaban tukunyar shinkafa. Hawan jini ne, ya shanye mata ɓarin hagu. Ta dawo daga gidan likita ba ta iya tsayuwa, magana kuwa sai ta yi ta kokawa da kalma ɗaya kafin ta fito. Muryar nan da ake ji daga gudoro ta koma sai ka sunkuya. Jikin dai yana nan da nauyinsa, sai maza biyu sun kama kafin a ɗaga ta. Illo ya koyi dafa tuwo, ya koyi wanka da canza shimfiɗa, bai taɓa cewa ya gaji ba.

Na ce masa, "Yanzu kam ka bar motar a gida, ko don larura. Ba wanda zai ji daga bakina."

Ya ce, "To ki gyara takarda ta ce Saga."

Na faɗa masa abin da zai ƙara. Ya tsaya yana lissafi da leɓe, na san maganin Zuwera yake aunawa. Ya ce a bari tukuna. Da magariba sai ga shi da mota kamar kullum.

Sai shekarar babban ruwa ta zo, wadda ta haɗu da korona. Ƙarshen Agusta gulbi ya cika ya batse, kowa idonsa yana kan digi, wato tudun ƙasar da aka yi ya tare ruwa daga gidaje. Patoro ya tara mu a biro ya ce bana za a bi kowace takarda da kyau, duk motar da ruwa ya ci a wurin da ba shi aka rubuta ba, babu biya. Na riƙe wannan magana kamar na tsinci zinariya. Da yamma Illo yana wanke mota na same shi na ce, "Baba Illo, ka saurare ni da kyau. Kwanakin nan kada ka kuskura motar nan ta kwana Saga. Takarda ta ce Talaje. In ruwa ya ci ta can, ko dala ba za a ba ka ba, gumin Inna Zuwera ya tafi a banza."

Ya ce, "Na gode, ɗiyata. Allah ya yi miki albarka."

Na shiga ɗaki ina jin daɗin kaina, na yi wa mutum alheri da sirrin biro.

Kwana huɗu bayan haka, gari ya fara wayewa ina shara, sai aka bugo ƙofarmu da ƙarfi. Illo ne, ba hula, ba takalmi, wandonsa jiƙe har cinya. Mutumin da ke gaida ko akuyar gidanmu ya wuce ni bai ce uffan ba. Ya kama tamfol yana ja, ita kuwa ta ƙi, don a daren babana ya ɗaure ta tamau da igiya saboda iska. Ƙullin ya ƙi kwancewa. Na ruga na ɗauko wuƙa. Har yau ina lissafa wannan ɗan lokacin, na je madafa, na rasa wuƙar, na same ta cikin kwanon albasa, na dawo. Minti biyu ne ko uku? Ban sani ba, kuma na kasa daina tambaya.

Ya ja mota ya fita. Ni da babana muka bi shi a kan babur ɗan kabu-kabu. Da muka isa inda hanyar Saga ta rabu da gudoro, babu hanya, sai ruwa ja mai ɗauke da tabarmi da robobi da gawar kaji. Motar tana tsaye a bakin gudoro, ƙofa buɗe, inji yana aiki. Illo ya riga ya shiga ruwa.

Abin da ya faru maƙwabcinsu Sumana ne ya faɗa mini daga baya, manomin shinkafa ne mai ɗan kwalekwale. Ya ce wajen kiran sallar farko digi ya ɓalle ta can ƙasa, ruwa ya shigo lungu shiru, ba ƙara, iyakar idon sawu. Kowa ya shiga kwasar yaransa. Illo ya gwada ɗaukar Zuwera a baya, suka faɗi tare. Ya sake gwadawa, ya kasa. A lokacin mota tana iya shiga har ƙofar gida, da tana nan da jan tabarma kaɗai ya isa a sa ta ciki. Sai ya gyara mata kwanciya a kan gado, ya ce yanzu zai dawo, ya fita da gudu. Tafiyar awa guda ya yi ta a rabin haka, tsoho mai shekara kusan sittin. Kafin ya juyo, ginin laka ya sha ruwa daga ƙasa.

Sumana ya ce, "Madam, bangon nan ba faɗuwa ya yi ba. Zama ya yi." Sai wajen azahar aka tono ta.

Motar kuwa ko ɗigon ruwa bai taɓa cikinta ba. Wani yaro ma ya kashe injin ya kawo wa babana makulli.

Illo bai sake kawo mota gidanmu ba. Mutanen lungun aka kwashe su zuwa tantuna, daga baya wasu suka karɓi filaye can nesa da gulbi. Shi ya yi sati biyu wurin wani ɗan garinsu a Bukoki, da ruwa ya ja sai ya koma. Ya share kangon, ya kafa rumfar zana, ya ajiye mota daidai inda ƙofar gida take a da. Bayan sadakar arba'in ya shigo biro, ya zauna, ya ajiye takarda a gabana.

"Rubuta Saga."

Na ce, "Baba Illo, ai wannan ba ta ƙare ba, saura wata goma."

"Rubuta Saga, ɗiyata. Nawa ne cikon?"

Na rubuta. Tun daga ran nan duk shekara yana zuwa ya biya kuɗin ja, mafi tsada a taswira, a kan motar da in ka sayar da ita yau ba za ta sayi babur mai kyau ba. Bai taɓa neman ragi ba. Kuma bai taɓa ce mini ke kika ja ba. Wannan ne ke cina. Da ya zage ni, da ya tsine mini a gaban mutane, da na sami abin riƙewa. A'a, sai ya tambayi lafiyar yara, ya kawo mini mangwaro in lokacinsa ne.

Babana ya rasu shekara guda bayan Zuwera. A kwanakinsa na ƙarshe, da an yi kiran magariba a masallacin lungunmu sai ya ɗaga kai ya ce, "Illo ya shigo?" In ce bai shigo ba, Baba. Ya ce, "Na ji mota." Ina ɗauka ruɗewar ciwo ce, sai da ni ma na fara ji. Ni ba mace ce mai tsoron fatalwa ba, ina zuwa egliz, ina karanta Littafi Mai Tsarki, kuma na yi lakwal, karatun boko. Amma har gobe, wata rana bayan magariba, ina jin ƙarar inji ta shigo tsakar gida ta mutu, irin mutuwar injin nan mai tari sau biyu. Karenmu ma yana tashi ya je ƙofa yana kaɗa wutsiya. In fita, ba kowa. Wurin da motar ta kwana shekara bakwai akwai baƙin tabon mai a ƙasa, ciyawa ba ta fita a kai, ni kuma in ina shara zagaye shi nake yi.

Bana ruwa ya dawo da irin fuskar waccan shekara. Rediyo kullum safe yana faɗar inda gulbi ya kai, hukuma tana roƙon mutanen bakin ruwa su tashi. Ran Asabar da rana na ɗauki hanya na je Saga. Na tarar da Sumana yana loda buhuna a amalanke, ya riga ya kai iyalinsa wurin ƙaninsa.

Na ce, "Shi fa?"

Ya girgiza kai. "Na yi magana har bakina ya bushe. Madam, in gaya miki abin da ban gaya wa kowa ba? In ya dawo da yamma, zama yake a gefen motar nan yana ba ta labarin gari. Wa ya ɗauka, ina aka yi haɗari, nawa tumatir. Ba wannan ya dame ni ba. Yakan yi shiru ya saurara, sannan ya ba da amsa."

Na sami Illo, ranar bai fita aiki ba, yana gyara zanar rumfarsa. Ruwa yana nan ana hango shi ta bayan digi, ya yi faɗi har ba ka ganin fadamar shinkafa. Na roƙe shi. Na ce ɗakin babana yana nan ba kowa, ya zo ya zauna ko na wata ɗaya ne, in ruwa ya ja ya dawo. Na yi masa faɗa, na ce wannan ba tawakkali ba ne, taurin kai ne, ko limaminsu aka tambaya haka zai ce. Ya saurare ni har na gama, ya dafa mini shayi, ya raka ni bakin gudoro. Ya ce ran Litinin zai zo biro, takardarsa ta kusa mutuwa.

A hanyar gida dabara ta zo mini. Mutumin nan ba ya jin maganar mutum, amma yana jin maganar takarda. Takarda ta fitar da motar daga Saga sau ɗaya, za ta iya fitar da ita karo na biyu, shi kuma inda motar ta kwana nan zai kwana. Ni da na shekara goma sha tara ina sauraron ƙaryar mutane, ai na iya guda ɗaya.

Ran Litinin da hantsi ya shigo, ya gaida mai gadi, ya gaida ni, ya ciro kuɗinsa a naɗe cikin leda. Ban bari ya kwance ba.

Na ce, "Baba Illo, an sami canji. Kamfani ya daina karɓar motar da ke kwana Saga, babba da ƙarami duka. Sai dai a rubuta wani wuri. Talaje, ko Bukoki, duk inda ka zaɓa."

Ya dube ni. Ko kaɗan bai yi zargin ƙarya ba, wannan na gani a idonsa, kuma ya fi mari zafi. Ya jinjina kai a hankali.

"Ikon Allah. To, ba laifi. Suna da gaskiyarsu, ruwa ba abin wasa ba ne."

Zuciyata ta yi sanyi, na jawo takarda. "In rubuta Talaje?"

"A'a." Ya mayar da ledar aljihu. "Ba takarda, ba tuƙi. Zan kai ta gida in cire batir. Da ma idona ya fara gajiya da hanya. Sai in zauna kusa."

Alƙalamin ya tsaya a hannuna. Yanzu aƙalla daga safe zuwa magariba yana cikin gari, nesa da gulbi. Da ƙaryata na ɗaure shi a kangon nan dare da rana, da motar da ba ta tashi. Ya miƙe yana gyara hula.

Na ce, "Zauna. Ƙarya nake yi."

Ya tsaya.

"Ƙarya nake yi, Baba Illo! Ba wani canji. Ni na ƙirƙira, don ka fita daga wurin nan." Muryata ta tashi, abokan aikina suka juyo, ban damu ba. "Me kake tsaro a can? Inna Zuwera tana maƙabarta, da hannunka ka sa ta! Ba ta cikin kangon nan! So kake ruwa ya ci ka, in ɗauki mutum biyu a kaina?"

Ya koma ya zauna. Bai yi fushi ba. Ya bari na share fuskata, sannan ya yi magana a hankali, yadda ni kaɗai zan ji.

"Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba, don kada ki sa a ranki. Yammar nan, kafin ruwa ya shigo, na biya ta gida da maganinta. Zan fita sai ta kama rigata da hannun mai lafiya. Kin san yadda magana take mata wuya. Na tsaya ina jira. Ta daɗe tana nema, sannan ta ce, Illo, yau dai, bar ta ta kwana."

Ya gyara zama ya ci gaba.

"Ni kuwa sai na maimaita mata maganarki, kalma bayan kalma. Takarda ta ce Talaje, in ruwa ya ci ta ko dala babu, guminki ya tafi a banza. Har ina jin daɗi na san abin da ake ciki. Ta dube ni, ta saki rigar. Ta ce to." Ya shafa gemunsa. "Ba laifinki ba ne, ɗiyata. Gaskiya kika faɗa, ni ma gaskiya na bi. Amma shekara talatin da ɗaya muna tare, matar nan ba ta taɓa roƙona zane ba, ba ta taɓa roƙona ɗan kunne ba. Roƙo ɗaya ta yi mini. To, yanzu tana kwana."

Ya sake ciro ledar, ya kwance, ya tura kuɗin gabana.

Na daɗe ina kallon layin da babu komai a kansa. Na san abin da rediyo ya faɗa da safen nan, na san yadda digi yake, na gani da idona. Na rubuta Saga. Da hannuna na rubuta, na buga tambari, na miƙa masa. Ya naɗe takardar sau huɗu ya sa a aljihun gaba, ya yi mini godiya, ya ce in gaida yara.

Na bi shi har bakin ƙofa. Motar tana ƙarƙashin bishiyar dogon yaro. Bai nufi wajen direba ba. Ya zagaya ɗaya gefen, ya buɗe ƙofar gaba, ya riƙe ta ya tsaya, ya daɗe, kamar yadda ake jiran mai nauyin jiki ya gama shiga ya gyara zama. Sannan ya sunkuya ya tura wani abu ciki da hannu, irin yadda ake tura bakin zane kada ƙofa ta datse shi, ya rufe a hankali. Ya zagayo ya shiga, ya ta da inji, ya ɗauki hanyar gulbi.